Tufka da warwara a Star Trek: wanne ya kai a yi musu a kansa?

A 1992 aka nuna wani kashi na shirin talabijin na tafiye-tafiyen sararin samaniya Star Trek: The Next Generation mai suna Relics. Ma'aikatan jirgin Enterprise-D sun ci karo da tarkacen wani tsohon jirgi, Jenolan, suka lura na'urarsa ta tiransifota, wadda ke narkar da mutum ta sake haɗa shi a wani wuri, tana nan da sauran numfashi. Da suka kunna ta, sai ga Scotty, tsohon injiniyan Kyaftin Kirk, ya fito da hannu a rataye bayan shekara 75 a cikinta. Aka ce masa daga Enterprise suke. Nan take fuskarsa ta washe, ya ce lallai Kirk ne da kansa ya karkaɗe tsohon jirgin ya fito nemansa.

Bayan shekara biyu, a 1994, fim ɗin Generations ya fito. A farkonsa ga Scotty nan tsaye a bakin wata ƙatuwar ɓaraka a jikin Enterprise-B, yana kallon sararin da ya haɗiye wurin da Kirk yake aiki 'yan mintoci da suka wuce. A lissafin labarin wannan ya faru ne a 2293, Jenolan kuwa ya faɗi a 2294. Ke nan mutumin da ya shiga tiransifota ya shiga ne da sanin cewa Kirk ya rasu, shekara guda kacal da ta wuce, kusan a gaban idonsa. Ta yaya zai fito yana tsammanin shi ne ya zo cetonsa?

Dalilin kuskuren sananne ne. Spock da Likita McCoy aka rubuta wa wannan fitowa ta Generations. Leonard Nimoy da DeForest Kelley ba su shiga fim ɗin ba, sai aka miƙa wa Scotty da Chekov, wani jami'in Kirk. Marubuci guda, Ronald D. Moore, shi ya rubuta Relics, kuma yana cikin waɗanda suka rubuta fim ɗin. Masoya sun yi wa abin faci iri-iri. Wasu sun ce daɗewa a na'urar ta taɓa masa tunani, suna kafa hujja da cewa a kashin an ambaci ɗan abin da ya lalace daga siffarsa da na'urar ta adana, ƙasa da kashi 0.003 cikin ɗari. Wasu sun ce tun asali bai yarda Kirk ya mutu ba tunda ba a ga gawa ba. Na biyun ya fi kama hankali, amma dukansu dabarar masu kallo ce, babu wanda aka faɗa a allo.

Na fara da wannan ne domin shi ne irin kuskuren da ya cancanci a ɓata lokaci a kansa. Ya taɓa abin da mutum ya sani da abin da ke zuciyarsa. Wanda ya kalli Generations kafin Relics ba zai ji daɗin murnar Scotty yadda aka so ya ji ba. Yawancin abubuwan da ake tada jijiyar wuya a kansu ba su kai nan ba, kuma musun yakan daɗe ne saboda an zuba su duka a kwando ɗaya.

Kafin a ce abu biyu sun ci karo, sai an fara tabbatar da dukansu suna cikin abin da masoya ke kira kanon, wato ingantaccen labarin da sauran marubuta za su yi gini a kansa. Ƙa'idar Star Trek ta daɗe a kan cewa abin da aka nuna a talabijin ko a silima shi ne kanon. Littattafan labari, mujallun zane da wasannin kwamfuta ba sa ciki, ko da kamfanin ne ya ba da lasisin yin su. Fitowar da aka ɗauka aka yanke ita ma ba ta ciki. Misali, an ɗauki wani zance a fim na biyu, The Wrath of Khan na 1982, da ke nuna jami'a Saavik ruwa biyu ce daga jinsunan wasu duniyoyi, rabi Vulcan rabi Romulan, amma aka cire shi, don haka ba a kafa hujja da shi. Haka abin da marubuci ya faɗa a hira: yana bayyana niyya, ba ya ɗaure wanda zai zo bayansa.

Inda ƙa'idar ta yi rawa shi ne shirin zane na 1973 zuwa 1974, mai kashi 22. An daɗe ana ɗaukarsa a wajen kanon saboda Gene Roddenberry, mahaliccin shirin, ya nesanta kansa da shi a ƙarshen rayuwarsa. Duk da haka marubuta suka riƙa tsintar abubuwa daga cikinsa. A can aka fara jin cewa harafin T na sunan Kirk Tiberius yake nufi, fim na shida ya tabbatar a 1991. A can aka fara ganin Robert April, kyaftin na farko na Enterprise, sai ga shi da jini da tsoka a Strange New Worlds a 2022. Yanzu da Lower Decks da Prodigy suke zane kuma suke cikin kanon, hujjar ware tsohon ta yi rauni ƙwarai. Star Wars ta bi wata hanyar daban: a Afrilun 2014 kamfanin Lucasfilm ya fito fili ya ware tsofaffin littattafai ya sa musu suna Legends, sababbin kuma ya shigar da su kanon. Mai ɗauko ƙa'idar can ya kawo nan zai yi ta musu da mutane ba tare da sun gane juna ba.

Idan an tabbatar duka biyun a allo suke, tambaya ta gaba ita ce wane irin saɓani ne.

Mafi sauƙi shi ne tuntuɓen alƙalami ko na masu shirya kayan ɗauka. A kashin Where No Man Has Gone Before na 1966 an nuna dutsen kabari da aka rubuta James R. Kirk, alhali kowa ya san James T. Kirk ne. Lokacin ba a gama tsayar da sunan ba. Da aka sabunta hotunan shirin da kwamfuta daga 2006, an bar shi yadda yake. A fim ɗin First Contact na 1996 Kyaftin Picard na The Next Generation ya ce Enterprise-E hawa 24 ne, wani jami'i kuma a fim ɗin nan dai ya ambaci hawa na 26, sannan Nemesis na 2002 ya kai mu hawa na 29. Irin waɗannan a rubuta su a ajiye. Babu labarin da ya karye saboda su, kuma duk bayanin da za a ƙirƙiro ya fi kuskuren nauyi.

Sai lissafi, inda masu son alƙaluma suka fi zama. A nan akwai abin koyo na gaske, domin ana iya gwadawa da hannu.

Kwanan taurari, lambar da kyaftin ke faɗa a farkon rahotonsa, yana da tsari a zamanin The Next Generation, Deep Space Nine da Voyager. Lamba biyar ce da ɗigo, kuma kowace 1,000 shekara guda ce. Zangon farko na The Next Generation yana cikin 41,000, kuma Data, ɗaya daga jami'an jirgin, ya faɗa da bakinsa cewa shekarar 2364 ce. Don haka a raba lambar da 1,000, a ƙara 2323. Kashin farko yana da 41153.7, wanda ya ba da 2364.15. A ninka 0.1537 da kwana 365, a sami kwana na 56, wajen ƙarshen Fabrairu ke nan. Kashin farko na Voyager, 48315.6, ya faɗa 2371, kuma ya yi daidai da sauran labarin. Amma a kula da wurare uku da lissafin ke watsewa. Na farko, a zangon farko ba a bi lambobi ukun ƙarshe a jere ba. Jami'a Tasha Yar ta mutu a Skin of Evil, 41601.3, amma tana raye lafiya lau a The Big Goodbye mai lamba 41997.7. Duk wanda ya jera wannan zango bisa kwanan taurari zai ga matacciya tana bakin aiki, don haka jerin da aka nuna su a talabijin ake bi. Na biyu, sifirin tsarin yana 2323, zamanin Kirk kuwa shekarun 2260 ne, lambobinsa huɗu, kuma kusan yadda suka zo wa marubuta haka suka sa su. Na uku, fim ɗin Star Trek na 2009 ya zo da nasa, inda lambar farko ita ce shekarar kanta, kamar 2258.42.

Wannan ya shafi wani tsohon musu. A The Wrath of Khan, Khan, mugun fim ɗin, ya dubi Chekov ya ce ya gane fuskarsa. Amma Space Seed, inda Khan ya hau Enterprise, a zangon farko na ainihin shirin Kirk yake, 1967, Walter Koenig mai fitowa a matsayin Chekov kuwa sai a zango na biyu ya shigo shirin. Masu kare fim ɗin sukan nuna cewa Catspaw, wanda Chekov ke ciki, lambarsa 3018.2, ta Space Seed kuma 3141.9, ke nan yana cikin jirgin tun kafin Khan ya zo. Hujjar tana da daɗin ji, sai dai ta jingina ne da lambobin da muka ce ba su da tsari. Ba a ma bukatarta. Jirgi ne mai mutum sama da 400, kyamara ba ta nuna kowa ba, kuma babu inda aka ce Chekov ba ya nan. Abin da ba a nuna ba daban, abin da aka musanta daban. Rabin saɓanin da ake lissafawa a nan yake narkewa, har da ƙorafin cewa Spock bai taɓa ambaton 'yar riƙon gidansu Michael Burnham ta shirin Discovery ba. Mutumin da bai gaya wa Kirk cewa jakadan Vulcan mahaifinsa ne ba sai da suka tsaya gaba da gaba a Journey to Babel, shirunsa ba hujja ba ce.

Gudun jirage kuwa ba ya narkewa. Littattafan fasaha sun ce a zamanin Kirk ana ninka matakin wap, wato ma'aunin gudun da ya wuce na haske, sau uku a kansa, wap 8 ya zama ninki 512 na gudun haske. A zamanin Picard an sake ma'aunin: wap 8 ninki 1,024, wap 9 kimanin 1,516, wap 10 kuma iyaka ce da ba a kaiwa. Yanzu a ɗauki Voyager. An jefa shi nisan shekarar haske 70,000, aka ce komawa gida za ta ci shekara 75. A raba, a sami ninki 933, ɗan ƙasa da wap 8, wanda ya yi daidai da jirgin da ba zai iya ƙure inji dare da rana ba. Amma a kashin The 37's, matuƙin jirgin, Tom Paris, ya ce wap 9.9 kamar mil biliyan 4 ne a daƙiƙa. Haske na yin mil 186,000 a daƙiƙa, ke nan ninki sama da 21,000, kuma da wannan gudun tafiyar ba ta wuce shekara uku da 'yan watanni ba. A That Which Survives na 1969 Enterprise ya yanki shekarar haske 990.7 a wap 8.4 cikin abin da ake ƙirgawa da sa'o'i, alhali bisa ma'auninsa sai ya haura shekara ɗaya da rabi. A fim na biyar, 1989, an je tsakiyar gungun taurarinmu kamar an leƙa maƙwabta, wurin da ke nisan shekarar haske kusan 26,000 daga duniya, tafiyar shekara 50 a wap 8 na wancan ma'auni.

Ra'ayina a nan shi ne a bambanta inda nisa ke ɗauke da labarin da inda ba ya ɗauke da shi. Voyager kacokan an gina shi ne a kan cewa gida ya yi nisa, shekara bakwai ana kallon mutane suna kewar iyalansu. Duk kashin da ya nuna ana iya yanke wannan nisa a sauƙaƙe yana zare tubali daga ƙasan ginin, kuma masu ƙorafi a kansa suna da gaskiya. Inda kuwa jirgi ya isa wata duniya da wuri don a fara labarin mako, ba a yi asarar komai ba. A kuma tuna cewa teburin ma'aunin nan daga littafi ya fito, littafi kuwa ba kanon ba ne, ko da masu aikin shirin ne, Rick Sternbach da Michael Okuda, suka rubuta shi a 1991. Wanda ya ce allo ya saɓa wa teburi bai kama kuskuren kanon ba tukuna, sai ya nuna allo ya saɓa wa allo, kamar shekara 75 da mil biliyan 4.

Goshin Klingonawa, jinsin mayaƙa na wata duniya, shi ne babban darasi a kan abin da faci ke jawowa. Daga 1967 zuwa 1969 goshinsu sumul yake, kwalliyarsu ba ta wuce shafa mai duhu da gira da gemu ba, iyakar abin da kuɗin talabijin na lokacin zai iya. Da aka sami kuɗin silima a 1979, sai suka fito da goshi mai gargada. Shekaru da dama amsar da ake bayarwa ita ce a ɗauka haka suke tun farko, kayan aiki ne suka gaza. Wasu masoya kuma suka ce ƙabila biyu ce. Deep Space Nine ya rushe wannan a 1994, da ya dawo da Kor, Kang da Koloth, mutum uku da Kirk ya yi karo da su da goshi sumul, 'yan wasan nan dai na da, amma yanzu da gargada. Har zuwa nan ana iya cewa kwalliya ce kawai. Sai 1996, a kashin cikar shekara 30, Trials and Tribble-ations, aka haɗa sababbin 'yan wasa da ainihin tsofaffin hotuna. Ga Worf, jami'i ɗan Klingon na sabon zamani, zaune a mashaya da goshinsa a rufe, ga Klingonawan da a teburin gefe, abokansa suna kallonsa suna neman bayani. Ya ce dogon labari ne, kuma ba sa tattauna shi da bare. Daga ranar bambancin ya tashi daga ɗakin kwalliya ya shiga cikin labarin, tunda mutanen ciki sun gani da idonsu.

Shirin Star Trek: Enterprise ya biya bashin a 2005 da kashi biyu, Affliction da Divergence. A 2154 Klingonawa sun yi gwaji da ƙwayoyin halittar mutanen da aka ƙara wa ƙarfi, abin ya haɗu da wata mura ya zama annoba, maganin Likita Phlox ya hana mutuwa amma ya bar miliyoyi da goshi sumul, su da zuri'arsu. Faci ne mai kyau, har an yi zancen tiyatar gyaran goshi, wadda za ta iya bayyana Kor da 'yan uwansa. Amma ya ɗaure duk wanda zai zo daga baya. Discovery ya zo a 2017 da labarin 2256, shekara goma kafin Kirk, daidai lokacin da ya kamata a ga masu goshi sumul, sai ya kawo wasu masu ƙwaƙwal da kai mai tsawo da ba a taɓa gani ba. A zango na biyu aka mayar musu da gashi, aka ce aski suke yi lokacin yaƙi. Strange New Worlds kuma a 2023 ya koma siffar zamanin Worf. Da an bar maganar a matsayin kwalliya, duk waɗannan zaɓin masu zane ne kawai. A kwatanta da mutanen Trill. A The Host na 1991 goshinsu na da tudu, kuma Odan ba ya shiga tiransifota don zai cutar da halittar da ke cikinsa. A 1993 Jadzia Dax ta fito da ɗigo-ɗigo daga gefen goshi zuwa ƙasa, tana shiga tiransifota ba fargaba. Ba wanda ya tsaya bayani a allo, kuma ƙurar ba ta kai ko kusa da ta Klingonawa ba.

Saura irin saɓanin da duniyarmu ce ta haddasa shi. Space Seed ya ce Khan ya mulki fiye da rubu'in duniya daga 1992 zuwa 1996, a lokacin yaƙe-yaƙen mutanen da aka sarrafa halittarsu, sannan ya tsere a jirgin Botany Bay. A 1967 wannan gaba ce mai nisa. Kashin ma da nasa tuntuɓen: an ce Khan ya yi barcin kusan ƙarni biyu, wanda zai sa labarin a wajen 2196, alhali daga baya an tsayar da shi a 2267. Moore ya ɗauko wannan ƙarni biyun ya sa a bakin wani babban hafsa a Deep Space Nine a 1997, inda labarin ke 2373, sai yaƙin ya koma shekarun 2170, kuma ya amsa cewa kuskurensa ne. Da 1996 ta gaske ta zo, Voyager ya kai ma'aikatansa Los Anjalas ta wannan shekarar a Future's End, gari lafiya, mutane na yawo a bakin teku, babu alamar yaƙi, sai ɗan samfurin jirgi irin na Khan a ofishin wata mai nazarin taurari. Greg Cox ya rubuta littattafai da suka mai da yaƙin na ɓoye, a bayan rikice-rikicen da aka sani, amma littafi ne.

Strange New Worlds ya ɗauki matakin da ya fi kowanne girma a 2023. An koma Toronto ta ƙarni na 21, aka tarar da Khan yana ƙaramin yaro, wata 'yar leƙen asirin Romulan ta ce a 1992 ya kamata abin ya faru, masu kai-kawo cikin zamani ne suka yi ta tura shi gaba. Wannan ya warware matsalar kwanan wata gaba ɗaya, kuma ya bar Space Seed da gaskiyarsa a zamaninsa. Kuɗinsa kuwa shi ne yanzu kowane saɓani yana da mafita tun kafin a tattauna shi, sai a ce an taɓa zamani. Fim ɗin 2009 ya fi tsabta a nan, domin ya ja layi a fili: zuwan jirgin mugun fim ɗin, Nero, daga nan gaba zuwa 2233 ya tsaga tarihi biyu, abin da ya faru a reshen can, har da halakar duniyar Vulcan a 2258, bai shafi na asali ba. Mai kawo saɓani tsakanin rassan biyu bayan 2233 bai kawo komai ba. Na Toronto kuwa a cikin reshen asali aka yi shi, kuma bai faɗi daga wane kashi zuwa wane ne tsohuwar shekarar ke aiki ba. Wanda zai kafa hujja da 1996 yanzu sai ya fara faɗin wane shiri yake nufi, kuma na wace shekara.